Ƙarnin Kifi

Awino ta dawo daga makaranta a Kisumu,
ta yar da jaka,
ta wanke hannu har sau huɗu.
Wai yara sun ce tana ƙarnin kifi.

Na ajiye wuƙa, ɓawon kifi manne a yatsuna.
Na ce, zo nan, 'yar masunta.
Waɗanda Yesu ya fara kira a bakin ruwa,
turare kike tsammani suka shafa?
Da jiƙaƙƙen taru ya same su,
bai ce su je wanka tukuna ba.
Sunanki ma, ya riga mu saninsa.

Ta yi shiru. Ta shinshina tafinta.

Da daddare na jiyo ta ta bayan labule:
"Yesu, gobe ka zauna a bencinmu."