Sanyin Agusta a Aboabo

Ɗana Tanimu ya aiko mini da iri daga Jamus,
'yan ƙwayoyi cikin takarda mai sheƙi,
an zana latas a kai, kore shar, bakinsa a murɗe.
Jikata Lantana ta karanta abin da ke baya:
wai a shuka idan ƙanƙara ta narke.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ƙanƙarar Aboabo tana cikin firjin Malam Sanda,
a leda yake ƙulla ta, kuma ba ya ba da bashi.

Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota
daga Boku zuwa Kumasi, albasa a baya, barci a ido.
Na san kowane rami na hanyar Taciman,
amma ban san inda inuwa ke wuni a tsakar gidana ba
sai da gwiwa ta zaunar da ni.

Na shuka a Maris. Rana ta cinye.
Ya fito kamar kunnen ɓera, ya dubi sama,
ya kwanta, bai ƙara tashi ba.
Na shuka a Yuni. Ruwa ya zo da fushinsa,
kwata ta cika ta tumbatsa,
ta tafi da irin, da ƙasar, da takalmin Lantana wari guda.

Abin da ya saura bai cika tafin jariri ba.

Sai Agusta ta shigo da lulluɓinta.
Rana ta shige ɗaki kamar mai jin nauyin baƙi,
samaniyar Kumasi ta yi toka-toka,
yayyafin da ba ya jiƙa riga, ba ya barin ta bushe.
Mai koko ta fito da asuba da zani biyu.
Na ce, to, ga tamu Jamus ɗin,
ta mako shida ce, a yi maza.

Tsofaffin tayoyi uku, bayan madafa,
inda ayaba ke tare hasken yamma.
Baƙar ƙasa, busasshen kashin kaji,
buhun albasa na yi musu rumfa.
Tayar da ta kai ni Boku sau ɗari
yau ita ce ke goyon ganye.

Kwana biyar, shiru. Na shida, ga su,
sahu-sahu kamar yara a bayan liman.

Sannan ɓarayi suka zo, masu gida a baya,
ba sa gudu, ba sa kunya,
sai zanen azurfa a kan taya da safe.
Maame Afrakoma ta leƙo ta katanga
da Hausarta mai ɗingishi:
“Direba, naman miyata ne ke cin gonarka.”
Tun daga ranar, bayan lisha, sai ga tocilanta.
Ta kwashe katantanwa, ta bar mini kontomire.
Shekara ashirin muna gaisuwa ta kan bango,
sai bana na san tana da ɗa a Italiya.

Na koyi tsinka daga gefe, a bar zuciyar.
Na yanka da tumatir, na barbaɗa ƙuli.
Lantana ta tauna, ta yamutsa fuska:
“Kaka, wannan ai ruwa ne aka yi wa kore.
Alayyafo ya fi shi.”
Gaskiyarta. Na ƙara loma.

Da dare Tanimu ya kira.
Ya juya waya, ya nuna mini tagarsa:
yakuwa ce a gwangwani, doguwa, siririya,
ta manna fuska a gilashi tana neman rana.
“Baba, ta ƙi.”
Na ce, matsar da ita kusa da wuta,
kada ka cika mata ruwa,
kai ma ka riƙa sa hula.
Muka yi shiru, kati yana ƙonewa.

Yanzu rana ta fara leƙowa.
Latas ya miƙe, ya yi ɗaci, yana shirin fure.
Biyu na tuge na ba awaki.
Ɗaya na bari,
in ga ko irin da aka haifa a Aboabo
zai fi uwarsa haƙuri.