Haƙoran Kaka Lua

A ƙauyenmu, gefen Kogin Duong,
na cika sha huɗu da hannu a baki.
Haƙori ɗaya ne ya ƙi bin layi,
ya hau kan ɗan'uwansa kamar mai leƙen katanga.
Quyen ce ta fara gani, a aji, ranar Talata.
Ta ce, "Diep, rufe, kada ya faɗo mana a littafi."
Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi,
amma a bayan tafin hannu,
kuma can dariyata ta tare, shekara guda cur.

Ran nan ruwa ya tsuge ana tashi daga makaranta.
Sai ga Kaka Lua a bakin ƙofa,
malafa mai tsini a ka, lema a hammata.
Ta hango ni, ta washe baki:
baƙi ƙirin, har sheƙi yake,
kamar an jera 'ya'yan kankana.
Quyen ta zungure ni, "Wace ce wannan?"
Na ce, "Maƙwabciyarmu ce."
Ban san iska na kai saƙo ba.

Muka tako gida, babu mai cewa uffan.
Lema ɗaya, duk ta karkato ta kaina,
kafaɗarta na waje tana shan ruwa.

Da dare tana naɗe ganyen taunarta da 'yar farar ƙasa,
ta ce, "Maƙwabciya, zo ki zauna."
Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

"Ina kamar ke aka rina su.
Mako biyu ban tauna komai ba,
taliya nake haɗiya kamar agwagwa,
leɓe ya kumbura, lemon tsami na yanka dasashi.
Na yi kuka? Na yi. Kuma ni na roƙa a yi mini.
A lokacin, farin haƙori sai kare, sai fatalwa.
Kakanki ya haye kogin nan sau bakwai
a kwale-kwalen aro,
don kawai ya faɗi abin dariya ya gan su."

Ta tofar da jan yawu a gwangwani.
"Ina nan inda nake, ban gusa ba,
aka zo da dare aka sauya mudu.
Yanzu uwarki na kai albashinta Hanoi
a kankare nata su yi fari kamar tangaran."

Na ce, "To wanne ne kyan?"
Ta ce, "Tambayi kasuwa, ita ke awo.
Ni dai shekara saba'in ina shan rake da nawa,
ko ɗaya bai girgiza ba."

Ranar bikin sabuwar shekara
ta sa doguwar rigarta mai ruwan goro,
na matso, na ɗaga waya,
wayar da ke tsuke haɓa, ta buɗe ido,
ta wanke fata ba da sabulu ba.
Ƙyas.
Ta miƙar da haƙorina, ta mai da shi layi.
Na Kaka kuwa ta mai da su fari fat.

Ta kawo hoton dab da hancinta,
ta daɗe tana duba.
"Wace karya ce ta sa rigata?"
Na ce, "Ƙarya ce, Kaka, ta waya."
Ta fashe, har ganye ya sarƙe ta.
Ni ma na fashe,
hannuwana biyu na riƙe da waya,
babu wanda ya rage na rufe baki.
Iska ta taɓa haƙorin. Sanyi ne da ita.

Ba zan ce na warke ba.
Ran Litinin hannun ya koma wurin aikinsa,
sai dai yakan makara yanzu,
wani lokacin dariyar ta riga shi fita.

Har yau ban ba ta haƙuri ba,
ita ma ba ta daina kirana Maƙwabciya ba.
In hadari ya haɗo, ni ke riƙe lemar.