Ranar da Aka Rufe Sama

Tun assalatu muka baro Mabera,
ni da Inna Ige da ƙunshin takardun asibiti.
Wata bakwai muna jiran wannan Talata.
Likitan ido a Abuja ya ce ƙarfe huɗu,
in ta wuce, sai ya dawo daga tafiya.

Aka auna jaka, aka buga hatimi,
aka ba Inna kujerar gefen taga,
ita da taga ba ta tsinana mata komai.
Sai ga murya a lasifika,
mai sanyi kamar ba da hannunta ba:
jirgin sha ɗaya zai yi jinkiri,
yau akwai wasan jirage, an rufe sama.

An rufe sama.
Da na ɗauka Mai ita kaɗai ke riƙe da mabuɗi.

Alhaji Ɗanjimma mai albasa ya miƙe,
tirelarsa ta kwana a Legas,
kaya na zufa cikin buhu, dillalai na lashe baki.
Lauratu ɗaliba na ƙirga sa'o'i da yatsu,
jirgin da za ta tara a gaba bai san da wasa ba.
Yaron kamfani yana ta raba haƙuri
har ya salance a bakinsa kamar tsohon cingam.

Sai ga su.
Huɗu, a jere kamar haƙoran mataji,
sun wuce kafin ƙararsu ta iso.
Gilashi ya ɗauki rawar sanyi,
ruwan gorata ya yi zobe-zobe.
Kowa ya ajiye fushinsa a kujera ya ruga taga,
har Ɗanjimma, hula a ƙeya, waya a sama.

Inna ta damƙi hannuna.
"Wagga ƙara fa?
Kamar an yage shadda yadi goma."
Shekara talatin tana yage yadi a kasuwa,
ta san kukan sabo, ta san na ruɓaɓɓe.
"Gaya min abin da kaka gani."

Ni da na yi niyyar ƙin kallo,
na ɗaga kai saboda ita.
Na ce suna zubo hayaƙi, kore da fari.
Na ce ɗaya ya juya ciki sama
kamar tarwaɗa a gulbin Rima.
Na ce biyu sun nufi juna, sun nufi juna,
Inna, tsakaninsu ko tabarma ba ta shiga,
sun goce.

Ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ce, "Ɗiyan wa?
Uwayensu na wurin?
In suna kallo, yau na fi su lafiya."

Azahar ta yi, muka yi salla gefen jakunkuna.
Jirginmu, aka ce, matuƙinsa ya cinye sa'o'in aikinsa
yana zaune yana jiran a buɗe.
Sai gobe, in Allah ya kai mu.
Ƙarfe huɗu ta zo ta same mu a Sakkwato,
ta dube mu, ta wuce.
Na kira asibiti sau shida.
A na bakwai wata ta ce in gwada bayan Salla.

A hanyar gida motoci sun cushe,
yara na gudu a bakin titi, hannuwa a buɗe,
kowane bakinsa injin ne.
Ban iya jin haushinsu ba, na gwada.

Inna ta jingina da ƙofar mota,
takardun na kan cinyarta, ta danne su da tafi.
"Hayaƙin na nan?"
Na leƙa. Koren ya tafi,
farin ya baje, ya yi wa rana yana,
irin wadda muka biya kuɗin jirgi a cire.

Na ce yana nan, Inna.
Ta ce, "To, bari shi.
Shi dai iska na isa ya kwashe."