Baƙuwar Bayan Magariba

Daren da aka ɗauke wuta a Tawa
muka hau soron Cifkau mai hoto,
shi da ya tsufa kan fuskokin katin ɗan ƙasa:
"Kar ka motsa. Ɗaga haɓa."
Yau sama zai gaya wa haka.

Ga ta can, yamma da tafkin Babaye,
gefen Zara kaɗan,
tana jan wutsiya
kamar wadda ta ɗauko gari a yagaggen buhu.

Mushe Alkasum ya ce ƙanƙara ce da tsakuwa,
rana na lasarta, tana zuba.
Kafin ta komo, in ji shi,
ko sunan garin nan an manta.

Inna daga tsakar gida: "Ku sauko!
Ba a nuna ta da yatsa."

Cifkau ya tokare kyamara da bulo biyu,
ya ce in ƙirga ashirin, ban da numfashi.
A sha bakwai tari ya ci amanata.

Hoton ya fito baƙi wuluk,
sai ɗan fari, kamar an shafe alli da hannu.
Yana aljihuna har yau.
Ita ko waiwaye ba ta yi ba.