Kwalabe Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin ina awon maganin tari
a bayan tagar asibiti,
cokali guda da safe, guda da dare.
Na aje aiki, hannuna ya ƙi ajewa.

Sai na kira Labbo kafinta
ya tsaga min tsohon ƙyauren gareji gida uku.
Ya ce, "Mi za ka azawa bisa?"
Na ce, kwalabe.
Ya dube ni, ya dubi gudumarsa, bai ƙara ba.

Na turare ba su yi ba, ƙamshin ya ƙi fita.
Na zuma suka yi, bayan wanki huɗu da ruwan zafi.
Sha biyu na tara.
Ige ta fasa ɗaya, ta ce kyanwa ce.
Ba mu da kyanwa.

Na shiga Tsohuwar Kasuwa da takarda a aljihu:
zoɓo mai duhu, tsamiyar bana,
citta mai yatsu, kanumfari,
mazarƙwaila curi biyu,
da goruba, don kawai mai ita ya yi min dariya.

Haɗin farko masoro ya yi yawa.
Ige ta kurɓa, ta sarƙe, ta share hawaye,
ta ce, "Da kana maganin tari,
yanzu kai ka kawo shi."

Ƙanƙara ce ta koya min haƙuri.
In saye ta a Mabera, in naɗe a buhu,
in hau kabu-kabu da rana tsaka,
kafin Gawon Nama rabi ya bi ƙafar wandona.
Abin da ya iso gida
da tsinken awo nake raba shi.

Sahabi maƙwabci ya hango ta kan katanga,
ja da ruwan ƙasa jere a kan katako.
Bayan la'asar ya yi sallama, fuska ba annuri.
Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana sansana
kamar ma'aikacin kwastan a Illela.
Ban ce uffan ba.
Na zuba tsamiya, na ɗiga citta,
na murɗa ɓawon lemun tsami a kai,
na shafa gishiri a bakin kofi.
Ya sha. Ya yi shiru har fanka ta juyo sau biyu.
Ya ce, "Ƙaro.
Amma rage gishiri, ina da hawan jini."

Yanzu kujeru huɗu ne, ɗaya tasa ce.
Ina da littafi mai bangon kore:
cokali biyu na wannan, rabi na wancan,
wanda ya yi, wanda aka zubar a gindin dogonyaro.

Gorubar har yau ta ƙi kowa.
Na jiƙa, na dafa, na tace da farin ƙyalle.
Gobe zan gwada ta da na'ana'a,
in wuta ta zo.