Magagi a Aberdeen

Minti ashirin, haka na ce wa kaina,
na faɗa wa agogon waya, shi ma ya amsa.
Na kwana a tsaye kan tsofaffi goma sha ɗaya,
na raka Mahadi makaranta, na shanya wanki,
na sallame Azahar sha biyu da rabi.
Ranar Disamba a garin nan ba ta zama,
leƙowa take kamar mai ɗibar wuta, ta juya.
Na kishingiɗa a kujera, ko hijabi ban cire ba.

Da na buɗe ido, duhu.

Harshena kamar an shanya shi a kan hita,
kaina tulu ne da aka ɗura wa yashi.
Hannun dama ya mutu, ba nawa ba ne,
na ɗago shi da na hagu kamar kifin sayarwa.

Na ce asuba ta yi.
Na jona buta, na yanka burodi,
na ƙwala kira: Mahadi, tashi, za ka makara!
Gadonsa a gyare, sanyi ƙalau.
Na tsaya tsakar ɗaki riƙe da wuƙa
ina tambayar bango yau wace rana,
don rabina yana can Malumfashi
yana tsinkar zogale a bayan ɗakin Inna,
bai ji an ce a dawo ba.

Huɗu saura goma. Kira bakwai daga makaranta.
Agogo ya yi kukansa, wani yatsa ya kashe shi,
wai nawa ne.
La'asar ta zo ta tafi, ba ta tashe ni ba.

Sai ƙwanƙwasa.
Moira ce ta ƙasan bene, gashinta a jiƙe,
Mahadi a gefenta da biskit a baki.
Ta dubi shatin kujera a kumatuna,
ba ta ce ina kika shiga ba.
'Yar masunci ce, shekara talatin tana aikin jinya,
ta ce: Zauna, Barira, sha ruwa tukuna.
Barci teku ne.
Minti ashirin kina bakin gaɓa, ruwa iya idon sawu,
ki fito ki karkaɗe, ki ji garau.
Ki ƙara kaɗan, kin nutse can ƙasa
inda jiki ke ɗinke komarsa a ɓoye.
Wanda aka fizgo daga can
gangar jiki ce ke fara isowa tudu,
hankali sai ya biyo baya yana haki.
Kuma mai bashin barci dutse ne a ƙafarsa,
ya fi kowa saurin nutsewa.

Na ce mu can babu teku, rijiya muka sani.
Guga in ya yi nisa ba a fizgarsa,
hannu bayan hannu ake ja,
in ba haka ba ya iso baki da rabin ruwa.
Ta ce: To ke yau rabin ma ya zube.
Muka yi dariya, tawa ta makara.

Mahadi ya zauna ya cinye karin safe da magariba,
ya ce gobe ma a yi haka.
Na wanke fuska sau uku, na rama sallah,
sai wajen biyar na gama dawowa.

Takwas na dare na koma bakin aiki.
Da asuba, lokacin maganin Mista Duthie,
wanda kullum yake tashi da faɗa, yana ture kofi,
ban yaye bargo ba, ban kunna babbar fitila ba.
Na kira sunansa sau ɗaya, a hankali,
na ja kujera na zauna
ina jiran gugansa ya iso.