Inda Zaren Ya Tsinke

Ranar da Ilu ya faɗo daga tsani
a ginin bakin teku, nan Jidda,
hoton farko ya ce ƙashi lafiya, jini babu.
Aka sallame mu da ƙwayoyi.

Amma ni ke kwana da shi.
Ya zuba gishiri a shayi.
Ya dubi Lantana, 'yarsa ta fari,
yana laluben sunanta kamar allura a rairayi.
Maƙwabta a Karantina suka ce iska,
wasu suka ce raki.

Yau an tura shi cikin farin kogo
mai bugu kamar maƙera.
Ni da carbi a waje.

Likita ta juyo allo:
ga ƙwaƙwalwar mijina, zare-zare,
kore, ja, shuɗi,
saƙar da ido bai taɓa gani ba.
Ta ɗora bakin biro a wani lungu:
"Nan ya tsinke."

Wallahi sanyi na ji.
Ba waraka aka ba ni ba,
shaida ce.

A mota ya ce, "Me suka gani?"
Na ce, "Sun ga ba ƙarya kake ba."
Ya daɗe yana kallon teku,
sannan, a hankali:
"Lantana ta ci abinci?"